Filin Tambaya da Amsa: Raunukan da Ake Samu Idan Mota Ta Wuntsila

Wasiƙun da suka taru a wannan watan mafi yawansu a kan haɗarin mota suke, kuma haka abin yake zuwa mana bayan kowace Sallah da lokacin bukukuwa. Na ware waɗanda suka shafi wuntsilawa, wato haɗarin da mota ke ƙwacewa ta bar kwalta ta yi ta juyawa, tayoyi sama rufi ƙasa. Na taƙaita wasiƙun, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni malamar makaranta ce a Daura. Wata biyu da suka wuce 'yan gidanmu suna dawowa daga biki a Kano ta hanyar Kazaure, sai tayar baya ta fashe, motar ta ƙwace ta wuntsila sau uku. Ƙanena da ke gaba kusa da direba a gona aka tsince shi, nesa da motar, rai ya riga ya yi halinsa. Direban, wanda shi kaɗai ya ɗaura bel, ƙujewa kawai ya yi a goshi sai ciwon kafaɗa. Gwaggonmu da ƙafarta ta fito, tana salati tana tattara yara, amma kafin asuba ta cika a gida. Mijin yayata kuma yana kwance har yau, hannu da ƙafa ba sa motsi. Na yarda da ƙaddara, amma zuciyata ta kasa daina tambaya: ta yaya mota ɗaya, haɗari ɗaya, sakamako zai bambanta haka? Kuma a wurin zaman makoki na ji wasu suna cewa gara mota ta cillo mutum waje da a ce bel ya riƙe shi a ciki. Shin haka ne?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan ƙanenki da gwaggonki, ya ba mijin yayarki lafiya, ya ba ku haƙurin wannan rashi. Tambayarki ba ta ci karo da imani da ƙaddara ba, domin mutumin da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, cewa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Mutum huɗun da kika ambata kowannensu sababi daban ne ya same shi, kuma zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Idan motoci biyu suka yi taho-mu-gama, bugu ɗaya ne mai ƙarfi, kuma kafin ƙiftawar ido an gama. Wuntsilawa ba haka take ba. Tana ɗaukar daƙiƙoƙi, kuma duk lokacin da kusurwar rufi ko gefen mota ya daki ƙasa wani sabon bugu ne, daga wata fuska daban. A lokaci guda juyawar kanta tana tura duk abin da ba a ɗaure ba zuwa waje, wajen tagogi da rufi, daidai da yadda majajjawa ke yi wa dutse. Gilashin gefe kuwa an ƙera shi ne ya farfashe ya zama tsaki-tsaki da zarar ya sha duka, saboda haka tun a juyi na farko taga ta zama ƙofa buɗaɗɗiya. Wanda bai ɗaura bel ba zai tashi daga kujerarsa ya bugi rufi, ya bugi na kusa da shi, sannan sau da yawa ya fice. Wanda ya fice ɗin yakan faɗa ne gaban motar, ta fuskar da take mirginawa, da gudun da take yi. Ko dai ya daki ƙasa ko itace da ka, ko motar ta biyo shi ta danne. Akwai kuma wanda rabinsa ne ke fita, kai ko hannu, motar ta niƙe shi tsakaninta da ƙasa, kuma a nan ne ake samun hannun da fata da nama suka saɓule kamar an cire safa. Abin da ya fi kama da labarin ƙanenki ke nan.

Amurka ta daɗe tana ƙididdige irin wannan haɗarin, kuma alƙalumanta sun shafe mu tun da yawancin motocin da muke hawa an gama amfani da su ne a can ko a Turai. Hukumarsu ta kiyaye haɗurran manyan hanyoyi ta nuna cewa wuntsilawa ba ta wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na haɗurra, amma ita ke cin kusan kashi ɗaya cikin uku na rayukan da ake rasawa a cikin ƙananan motoci. A haɗurran da aka yi asarar rai, fiye da mutum 7 cikin 10 na waɗanda mota ta cillo waje gaba ɗaya ba su rayu ba. A cikin waɗanda suka ɗaura bel kuwa, kusan mutum 1 ne kacal cikin 100 ya fice. Kuma a haɗarin wuntsilawa bel yana rage yiwuwar mutuwa da kusan kashi uku cikin huɗu, fiye da yadda yake ragewa a kowane irin haɗari.

Saboda haka maganar da kika ji a wurin makoki ba daidai ba ce, kuma ina roƙon ki da ki faɗa wa ɗalibanki haka. Na san dalilin da ya sa ta ƙi mutuwa. Kowa ya san wani da aka ce mota ta cillo shi kan yashi ya tashi ya karkaɗe riga, domin wanda ya tsira shi ne ke yawo yana ba da labari, waɗanda suka fi shi yawa kuwa suna kushewa ba mai jin ta bakinsu. Masu tsoron gobara ko faɗawa ruwa su sani cewa waɗannan ba su kai ɗaya cikin ɗari na haɗurra ba, kuma ko a cikinsu wanda bel ya hana kansa buguwa shi ne ke cikin hayyacin da zai danna maɓalli ya fita. Sumamme ba ya buɗe ƙofa.

Batun mijin yayarki batun wuya ne. Ƙasusuwa bakwai ne a wuyan ɗan Adam, a jere kamar zobba, laka kuma ta ratsa tsakiyarsu, kaurinta bai fi na ƙaramin yatsa ba, kuma ta cikinta duk saƙon ƙwaƙwalwa ke sauka zuwa jiki. Idan mota ta kife, kan mutum ya tokari rufi ya tsaya, gangar jiki da dukan nauyinta ta biyo baya ta danne wuyan, kamar wanda ya yi tsalle da ka cikin kududdufin da bai san ba shi da zurfi ba. Ƙashi ya murƙushe ko ya goce ya matse laka. Inda abin ya faru shi ke nuna girman ɓarnar. Idan can sama ne, wajen ƙashi na uku zuwa na biyar, har numfashi yana iya tsayawa, domin daga nan jijiyar da ke motsa tantanin numfashi ta fito. Idan ƙasa da nan ne, mutum yana iya ɗaga kafaɗa ko lanƙwasa gwiwar hannu amma yatsu da ƙafafu su ƙi. Gaskiya ita ce bel ba ya kawar da wannan raunin ɗungurungum, musamman idan an bar shi sako-sako ko an kwantar da kujera, ko kuma rufin ne ya lotsa ya sauko wa mutum. Shi ya sa tun 1973 Amurka ta wajabta rufin ƙaramar mota ya iya ɗaukar nauyin motar sau ɗaya da rabi, a 2009 kuma ta ɗaga shi zuwa sau uku. A nan ina da damuwa da motocin da suka taɓa kifewa aka kai wa mai gyaran jikin mota ya gasa ginshiƙan rufi da wuta, ya miƙar, ya shafe da fila, ya fesa fenti. A ido sabuwa ce, amma ƙarfen da aka gasa aka miƙar ba ya komawa ƙarfinsa na asali, kuma ranar da ta sake kifewa rufin kan lotse har kan kujeru.

Kafin na wuce, ga abin da masu jinyarsa za su riƙe. A riƙa juya shi duk bayan awa biyu, dare da rana, ana duba bayansa da ɗuwawu da dugadugai, domin gyambon kwanciya da cutar mafitsara da ta huhu su ne ke kashe masu irin wannan lalurar bayan sun tsallake haɗarin. A ci gaba da kai shi wurin masu gashin ƙashi na asibiti, kuma kada a bari kowa ya ja wuyan ko ya murɗa shi da sunan gyara.

Gwaggonku kuwa, abu biyu ne suka fi kawo irin wannan rasuwar. Na farko jini ne ke tsiyaya a cikin ƙoƙon kai. Mutum ya bugu, wataƙila ya ɗan suma ya farfaɗo, ya yi magana garau na awa biyu ko biyar, alhali jinin yana taruwa yana danne ƙwaƙwalwa a wurin da ba shi da mafita. Sai ciwon kai ya tsananta, amai ya biyo, barci ya rinjaye shi, 'yan'uwa su ce a bar shi ya huta. Na biyu fashewar saifa ko hanta ne, inda jini ke zuba a cikin ciki ba a ganin ko ɗigo a waje, sai dai mutum ya yi fari, gumi mai sanyi ya rufe shi, ƙishirwa ta dame shi, jiri ya ɗebe shi idan ya miƙe. Dukansu biyu ana iya ceton mai su da tiyata idan an zo da wuri. Dokar da nake so kowane gida ya riƙe ita ce: duk wanda mota ta wuntsila da shi asibiti za a kai shi a ranar, ko da ya rantse lafiyarsa ƙalau, kuma a sa masa ido kwana ɗaya cur. Ruwa garai-garai ko jini daga kunne ko hanci, amai fiye da sau ɗaya, ruɗewa, jijjiga, ko ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya buɗewa, duk alamu ne da ba a jiran gari ya waye a kansu.

Na taɓa karɓar wani direba da dare, shatin bel ya kwanta masa baƙi ƙirin daga kafaɗa zuwa ƙugu kamar an zana da gawayi, yana zaune a bakin gado yana kuka yana tambayar fasinjojinsa ɗaya bayan ɗaya. Washegari aka sallame shi. Uku daga cikin waɗanda yake tambaya ba su kwana ba. Tun Janairun 2003 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta ɗaura bel, amma har yau abin da nake gani shi ne direba ya hango jami'ai ya jawo bel ya riƙe da hannu, yana wuce su ya sake, wani kuma ya ce ƙurar bel ɗin tana ɓata masa shadda. Na baya kuwa ba a ma maganarsa, an tura shi ƙarƙashin kujera tun ranar da aka sayo motar, alhali na baya da bai ɗaure ba shi ne ke zama guduma a kan na gaba da ya ɗaure.

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Ni direban bas ne, irin wadda muke kira Homa, ina jigila tsakanin Katsina da Kano shekara goma sha biyu. Abokan aikina biyu sun kife a bana. Me ya sa motocinmu suka fi ƙanana saurin wuntsilawa, kuma me ya kamata mutum ya yi idan taya ta fashe yana cikin gudu?

AMSA: Malam direba, barka kadai, Allah ya tsare hanya. Ka ɗauki turmi ka tsayar, ka ɗauki akushi ka ajiye kusa da shi, ka ture su da ƙarfi ɗaya, ka ga wanda zai faɗi. Abin da masu ƙera mota ke aunawa ke nan: faɗin da ke tsakanin tayar hagu da ta dama, a gwada shi da tsayin inda nauyin motar ya taru. Bas da jif da a-kori-kura dogaye ne, faɗinsu kuwa bai fi na ƙaramar mota da wani abin kirki ba. Kowane fasinja da ka ƙara yana zaune ne sama da tsakiyar nauyin motar, saboda haka yana ɗaga shi, buhunan da aka ɗaure a kan rufi kuma sun fi kowa ɗagawa. A 2001 hukumar Amurka da na ambata ta yi gargaɗi a kan bas mai kujera 15, bayan ta gano cewa idan ta ɗauki mutum 10 ko fiye, yawan wuntsilawarta yana kusan ninka uku na wadda ta ɗauki ƙasa da mutum 5. Ka kwatanta wannan da lodin da ake yi ranar kasuwar Charanci, but a buɗe an ɗaure da igiya, kaya sun zarce tayar baya, gaba ya yi sakayau, baya yana rangaji.

Amma tsayi shi kaɗai ba ya kifar da mota a kan kwalta mai kyau. Kusan 95 cikin 100 na motocin da suka wuntsila su kaɗai, taɗiye su aka yi. Motar ta juya tana tafiya a kaikaice, sai taya ta nutse a yashi, ko ta daki bakin kwalbati ko gefen titi, ƙasa ta tsaya sama ya wuce. Yadda abin ke farawa ka fi ni saninsa. Direba ya kauce wa rami ko akuya, ko gyangyaɗi ya ɗebe shi, tayoyi biyu suka sauka daga kwalta inda ruwan damina ya zaizaye gefe ya bar gaɓa, sai ya firgita ya fizgi sitiyari don ya dawo. Wannan fizgar ita ce ke kashe mutane, ba saukar ba. Idan ka sauka, ka bar ta a ƙasan, ka riƙe ta ta miƙe, ka ɗaga ƙafa daga totur har gudu ya ragu sosai, sannan ka hau a hankali inda gaɓar ba ta da tsayi.

Fashewar taya ma haka take. Ƙafa za ta so ta tafi birki da kanta, kuma nan ne halaka, musamman idan ta baya ce, domin birki yana kwashe nauyi daga baya ya mai da shi gaba, bayan da ya riga ya rasa riƙo sai ya zagayo. Ka damƙe sitiyari da hannu biyu, ka tsayar da idonka inda kake son zuwa, ka sassauta totur sannu a hankali ba gaba ɗaya ba, ka bari fasasshiyar tayar ta ci gudun da kanta, sai ya sauko ƙasa sosai sannan ka taɓa birki kaɗan-kaɗan. Mai tuƙi da hannu ɗaya, ɗaya yana waya ko yana rataye a taga, ya riga ya rasa daƙiƙar farko, kuma ita ce ke yanke hukunci.

Ka duba gefen tayarka, za ka ga lambobi huɗu a ƙarshen wani layi da ya fara da DOT. Idan an rubuta 2319, an ƙera ta a mako na 23 na 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu, kuma tayar Beljiyam da yawa sun ninka haka kafin su iso mana, ko da zanensu yana nan raɗau. Akwai wani kuskure da nake so ka kai tasha: rage iska a lokacin bazara wai don kada zafi ya fasa taya. Akasin haka ke faruwa. Tayar da iska ta yi wa kaɗan tana lanƙwashewa a kowane juyi, tana ɗaukar zafi daga ciki, ga lodi, ga kwaltar watan Afrilu lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, har fatarta ta ɓare. Ƙarancin iska da zafi suna cikin abubuwan da aka danganta da bala'in tayoyin Firestone a jif ɗin Ford Explorer, inda a watan Agustan 2000 aka janye taya miliyan 6.5, kuma aka lissafa mutuwar fiye da mutum 200 a Amurka, da yawansu ta hanyar wuntsilawa. A auna iska da safe kafin tafiya, bisa adadin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, kuma idan biyu kawai za ka iya saya sababbi, ka sa su a baya.

Gudun da doka ta yarda wa bas shi ne kilomita 90 a awa a tagwayen hanya, 80 a sauran manyan hanyoyi. Wanda ya tashi daga 80 ya koma 120 rabi ya ƙara a kan allurar da ke nuna gudu, amma ƙarfin da jikin fasinja zai sha ya ninka fiye da sau biyu. Idan kuma motarka tana da na'urar daidaita tafiya, wadda wasu kamfanoni ke rubuta wa ESP, Toyota kuma VSC, kada ka yarda mai gyaran wutar mota ya kashe fitilarta ya ce ba komai. Tun 1995 aka fara sa ta, kuma aikinta shi ne ta kama birkin taya ɗaya tak da zarar mota ta fara kaikaicewa, kafin direba ma ya ankara.

TAMBAYA: Likita, ina da shago a bakin hanyar Katsina zuwa Daura, kusa da Mashi. Idan haɗari ya faru mu ne ke fara isa. Muna jawo mutane mu yayyafa musu ruwa mu sa su a duk motar da ta tsaya. Wani ya ce mini muna ƙara musu rauni. Yaya ya kamata mu yi?

AMSA: Alhaji, Allah ya saka muku da alheri, domin da yawan waɗanda suka iso mana da rai hannun irinku ne ya kawo su. Amma wanda ya faɗa maka haka ya yi gaskiya a wani ɓangare. Wuya yana iya karyewa laka ba ta tsinke ba, mutum yana motsa yatsunsa a cikin motar, sai a kama shi ta hammata a fizgo, kai yana reto, a naɗe shi a bayan Golf ko a ɗora a babur, ya iso asibiti ya shanye har abada. Wannan karaya ta biyu ita ce ta fi ci mini rai a duk aikina, domin masu ƙauna ne ke yin ta.

Ku fara da tsare wurin. Mutum biyu su tafi nesa ta kowane ɓangare su sa ganye su tsayar da motoci, a kashe injin, a hana shan taba, wani ya kira 122, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra, ko 112. A tambayi wanda ke cikin hayyacinsa su nawa ne a motar, sannan a bazu cikin gona da ciyawa a nemi sauran, domin jariri yana iya faɗawa nesa kuma ba lallai ya yi kuka ba. Wanda ya yi shiru a fara dubawa kafin mai ihu, mai ihu yana numfashi.

Duk wanda ya suma, ko yake kukan wuya ko baya, ko ya ce yana jin jikinsa kamar ana tsira masa allura ko ba ya jin ƙafarsa, a ɗauka wuyansa a karye yake. Mutum ɗaya ya riƙe kansa da tafin hannu biyu ta wajen kunnuwa, hanci a saitin cibiya, kada ya saki har a isa asibiti, kuma shi ne zai riƙa ba da umarni. Idan ba wuta, ba ruwa, yana kuma numfashi, gara a jira masu ceto. Idan dole ce ta sa a ɗauke shi, mutum huɗu su ɗaga shi gaba ɗaya kamar gungume, a ɗora a kan ƙyauren ƙofa ko faffaɗan benci, a naɗe zane ko rawani a tokare gefen kai biyu, a ɗaure goshi da ƙirji da ƙugu, a nemi motar da zai kwanta a miƙe. Wanda kuka samu yana rataye da bel a motar da ta kife, kada a yi gaggawar yanke bel ɗin, domin da ka zai faɗo. Sai wasu sun tallafi kafaɗunsa da ƙugunsa, wani ya riƙe kai, sannan a kwance. Idan amai ya taso masa, a mirgina shi gefe gaba ɗaya, kai da gangar jiki tare.

Kada a ba shi ruwa ko madara ko da yana roƙo, domin yana iya shaƙewa, kuma wataƙila tiyata ke jiransa. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a ɗaga ana leƙawa, kuma kada a zuba ƙasa ko man birki. Masu ɗori suna da matsayinsu a wurin jama'a, amma wuya da gadon baya da kai da ciki ba nasu ba ne, sai an ɗauki hoto an ga abin da ke ciki. A Katsina akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Janar Amadi Rimi, ga kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano idan an tura. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, saboda haka kada tsoro ya sa ku tsaya. Masu ɗaga waya suna ɗaukar hoton mutum a halin da ba zai so a gan shi ba, ku da kuke manya a wurin ku tsawata musu, ku ba su abin riƙewa.

TAMBAYA: Likita, ina da ciki wata shida, daga Ƙofar Marusa nake rubutu. Surukata ta hana ni ɗaura bel, ta ce zai matse yaron. Ina kuma da ɗa ɗan shekara biyu da nake rungumewa idan za mu yi tafiya.

AMSA: 'Yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Ki gaya wa Hajiya cikin ladabi cewa damuwarta tana da tushe, amma inda ake ɗora bel ɗin ne matsalar, ba shi kansa ba. Na ƙasa ya bi ta ƙarƙashin cikin, ya kwanta a kan ƙasusuwan ƙugu, kada ya hau cibiya. Na sama ya bi ta tsakiyar ƙirji ya zagaye gefen cikin, ya hau kafaɗa, ba ta ƙarƙashin hammata ba. Babban abin da ke kashe ɗan tayi a haɗarin mota shi ne mutuwar uwarsa ko mummunan raunin da ta ji. Idan kuma haɗari ya same ki, ko ƙarami ne, ki je asibiti a ranar, domin mabiyiya tana iya ɓallewa daga jikin mahaifa ba tare da kin ga jini nan take ba.

Ɗan da kike rungumewa kuwa, a karo mai gudun kilomita 50 kacal yaro mai kilo 10 yana fizgar hannu da nauyin da ya wuce buhun masara biyu, kuma babu uwar da ke iya riƙe wannan, balle mota tana juyawa. Kada ki haɗa shi da ke a bel ɗaya, nauyinki zai matse shi. Wurinsa kujerar baya ne, a cikin kujerar yara da aka ɗaure da bel ɗin motar, ana kuma samun ta hannu a kasuwa da sauƙin kuɗi, sai dai a duba igiyoyinta da maɓallinta ba su lalace ba. Idan motar haya ce ba yadda za ki yi, ki nemi kujerar baya ta tsakiya, nesa da taga, ke ki ɗaura naki idan akwai, kuma idan kin ga an ɗora buhuna a kan rufi, ki haƙura ki jira ta gaba.